Rijiyar da Madu ya bayar a kan shaidar tsuntsu

Ubana Madu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da za ka yi wa sallama sau uku bai ji ba, amma tsuntsu ya yi kuka a ƙetaren rafi sai ya gaya maka wanne ne. Kakanmu daga Barno ya zo da jakunan kanwa, ya yi aure a wani ƙauye a bakin rafin Watari, ya bar wa Baba lambu da rijiya guda. Da rijiyar nan muke ci. Da rani Baba ya kafa jigo ya ja ruwa ya ba albasa, albasa ta kai mu damina.

Baba bai da abokin hira sai zakaran ƙeƙuwa, tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu, fari da baƙi, mai ihun tsiya. Gida biyu ne a fadamarmu, ɗaya a lambunmu, ɗaya a na maƙwabcinmu Abdulƙadir. Kullum da hantsi mazan biyu sai su tako su haɗu daidai layin gamba, ciyawar da aka shuka ta raba lambunan. Su miƙe wuya, su buɗe fuka-fukai, su yi ta zage-zage, sannan kowa ya juya. Shekara ashirin Baba yana kallonsu, ya ce bai taɓa ganin ɗaya ya tsallake gambar ba. Inna Kaltume kan ce, "Malam, kai da kallon faɗan tsuntsu, sai ka ce za su ba ka tuwo."

A zamanin Sarki Abdullahi aka yi wata damina da Watari ya yi hauka. Da ruwa ya janye muka je lambu, sai salati kawai. Babu gamba, babu jigo, babu kunyar shuka ko ɗaya, yashi ne fari fat. Rafin ma ya sake hanya. Rijiyarmu da ta Abdulƙadir da ma kusa suke, gamba ce tsakaninsu, duk yashi ya binne. Aka yi kwana shida ana tono, aka sami ɗaya tak. Ɗayar rafi ya cinye.

To, ta wa ce? Abdulƙadir ya ce tasa, mu muka ce tamu. Maigari ya zo da liman, ya ce tunda Baba ne babba, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, rijiya ta zama tasa. Abdulƙadir da bakinsa ya ce ya yarda.

Sai Baba ya ce a ba shi kwana uku.

Kwana ukun nan a kan yashi ya yi su, yana tsugune yana kallon tsuntsayen, don sun dawo. Ran na huɗu, gaban jama'a, ya taka ya tsaya a wani wuri, ya ja layi da sanda.

"Nan suke haɗuwa," ya ce. "Nan gamba take. Rijiya tana wajen Abdulƙadir da taki biyar. Ba zan rantse ba."

Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Madu, tsuntsu?" A gaban mutane ta kira sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba. Shi kansa Abdulƙadir baki buɗe ya tsaya. Liman ya tambayi Baba sau biyu ko ya san abin da yake faɗa, ya ce ya sani. Aka shafa Fatiha, magana ta ƙare.

Ranin nan mun sha wuya. Da tulu muke jido daga rafi, ni da Inna da shi, albasa ta fito kamar ƙwayar gyaɗa. Na yi wata biyu ba na kallon idonsa. Shi kuwa hankalinsa kwance, cewa yake ya kuɓuta daga cin haƙƙin wani.

Da shekara ta zagayo, wata hantsi Baba ya shigo gida ba hula, ya zauna a ƙasa a tsakar gida. Inna ta ce lafiya?

"Tsuntsun wajenmu ya mutu, wani saurayi ya gaje shi," ya ce. "Yau na ga ya kori na Abdulƙadir har bayan rijiya, taki goma sha wani abu. Can suke haɗuwa yanzu. Kaltume, ashe da gamba ta tafi ba wurinta suke riƙe ba. Inda ƙarfin kowa ya tsaya, nan ce iyakarsu. Namu na bara tsufa ya yi, shi ya sa ya ja baya."

Ni ce na yi ihu, na ce ya tashi mu je wurin maigari yanzu-yanzu.

"In ce masa me, Falta? Ban san ta wa ce ba. Bara ma ban sani ba, na ce na sani. Kuma an shafa Fatiha."

Ya tashi ya ɗauki tulu. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya, kullum ta gefen rijiyar nan yake bi zuwa rafi.