Kuskuren Imoru Wanzam

Duk wanda ya tashi a Zongon Tamale kafin a sauke tutar Turawa ya san Imoru Wanzam, domin yawancin mazan unguwar ta hannunsa suka bi tun suna kwana bakwai a duniya. Gajere ne kakkaura, kullum da zabira a rataye, yana jan wani tsohon keke da ya fi tura shi a kan hawansa. Aski, ƙaho, kaciya, duk gadonsa ne daga kakansa da ya biyo ayarin goro daga Kano. Abu ɗaya ne ba ya yi. In tsofaffi suka miƙo masa jaririya suka ce a rage mata wani abu, sai ya rufe zabira ya ce, "Allah bai bar ragowa a jikinta ba." A zage shi, a gaji.

Yana da cika baki, wannan ba a ɓoye yake ba. Shekara talatin yana aske kan jarirai, askarsa ba ta taɓa fitar da ɗigon jini ba, kuma babu majalisar da bai faɗi haka ba, daga bakin masallaci har unguwar Kukuo. Sannan yana da wata ɗabi'a da mata ke yi masa dariya a kanta: ana gobe suna sai ya zo ya duba cibiyar yaro, ya tsare mai jego da tambayar 'yan'uwanta maza, su nawa ne, suna ina. Har suka sa masa Ɗan Sanda.

A satin da Ghana ta samu mulkin kai, gari ya cika da kiɗa, aka haifa wa Alhaji Abdul-Mutalib, babban dillalin shanu, ɗansa namiji na fari. Ana gobe suna Imoru ya je. Ya ɗaga tsumman cibiya, ya ga har yanzu tana tsattsafo da jini. Ya dubi uwar yaron, Sawudatu, ya yi tambayarsa. Ta jira har sai da mai taya ta zama ta fita ɗebo ruwa.

"Baba Wanzam, su biyu ne, a Salaga," ta ce a hankali. "Duk ranar kaciya jini ya tafi da su. Don Allah kar ka faɗa. In dangin Alhaji sun ji, za su ce ni na kawo musu mugun jini."

Nan take Imoru ya gane. Ya taɓa ganin irin wannan a hannun mahaifinsa, kuma ya san ta wajen uwa abin yake bi. Ya sami Alhaji a zaure ya ce a yi suna, a ɗaga kaciya.

"Don me?" in ji Alhaji.

"Cibiya ba ta bushe ba."

"Cibiya! Imoru, baƙi sun zo tun daga Kumasi. Ɗana na fari ya wuce bakwai ba kaciya, a ce me? In ka tsufa ka gaya mini, wanzamai sun cika gari."

Sun cika kuwa, kuma babu ɗayansu da zai duba cibiya. In Imoru ya tona zancen Salaga, ya kashe wa Sawudatu aure. In ya yi zuciya ya tafi, gobe wani zai zo da wuƙarsa, yaron ba zai kai magariba ba.

Washegari da hantsi aka raɗa wa yaro suna Nashiru, aka yanka rago, aka miƙo shi don aski, kamar yadda aka saba kafin kaciya. Tsakar gida cike, kowa na jiran ya ga hannun nan da ake labari. Imoru ya jiƙa gashin, ya bi kan sumul har ya zo bayan kunnen hagu. Nan ya yi bisimilla a zuci, ya karkata askar da gangan. Ɗan ƙarzane ne, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Wata tsohuwa ta yi salati. "Imoru ya yanki yaro!"

Ya sa auduga ya danne, kansa a sunkuye. Aka ɗaga, jini na nan. Aka canza auduga. Aka ci tuwo, aka raba goro, aka kira azahar, jinin nan bai daina tsattsafowa ba. Liman ya matso ya duba, ya ce wa Alhaji, "In wannan ɗan ƙarzanen ya yi haka, ina ga kaciya? Addini bai ce a kashe rai ba." Aka kai yaro asibiti, likita ya tsayar da jinin da ƙyar, ya ja musu kunne kada wuƙa ta kusance shi.

Yaro ya tsira, amma mutanenmu fa ba su da dama. Abin da suka riƙe kawai shi ne hannun Imoru ya fara rawa, Allah ne ya taimaki Alhaji. Gidaje da yawa suka koma wa wasu wanzamai. Shi da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya haɗiye wannan, bai taɓa kare kansa ba. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan, kuma shi ne ke sa nake alfahari da shi.

Kowace sallah Sawudatu takan aiko masa da tuwo da miyar kuka, ba ta taɓa cewa na mene ne ba. Shekarar da Nashiru ya shiga makaranta, ta kawo shi da kanta a rage masa suma. Imoru ya ajiye aska ya ɗauki almakashi. Yatsansa ya sauka a kan ɗan tabon bayan kunne, ya tsaya.

"Mma ta ce kai ka yi mini wannan," in ji yaron. "Wai kuskure ne."

Imoru ya ɗago ido. Sawudatu na tsaye a bakin rumfa, tana share fuska da gefen mayafi.

"Haka ne," ya ce. "Tun da nake riƙe aska ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Zauna daidai, kar ka motsa."