Ɗan Fari a Tashar Kwali

Ƙaro idan ya kwana a ruwa yana da wani ɗan wari mai tsami-tsami da ba kowa ke kula da shi ba. Ni kuwa duk inda na shaƙe shi sai wani tsohon abu ya taso mini. Kwanan baya na wuce ta wajen wani tsoho mai haɗa tawada a Gumel, ya jiƙa ƙaronsa a gwangwanin madara, wallahi sai ga ni na koma Gagarawa, ina tsaye a ƙofar zaure ina leƙen mahaifina da ƙanena. Kishi ne, ba sai na ɓoye maka ba. Ga furfura ta fara fito mini, amma har yau bai sake ni ba.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. In kai ɗan yanzu ne za ka ce, to sai me? A lokacin da nake ba ka labari, shekarun casa'in da 'yan kai, ɗan fari a wurinmu ɗan kunya ne. Uba ba ya faɗin sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, balle ya yabe shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka kai ni Ɗanzomo wajen kakata ta wajen uba, sai da na isa shiga makaranta aka dawo da ni. Na dawo na tarar da ƙanena ɗare-ɗare a cinyar Baba yana wasa da gemunsa. Ni kuwa ko buta Baba yake so, ina tsaye a gabansa zai dubi ƙanen nawa ya ce, "Ce wa yayanka ya kawo buta."

Baba ma'aikacin reluwe ne, shi ke canza wa jirgi layi a tasharmu, shi ke ɗaga tuta. A shekarun nan jirgin Nguru ya fara ja da baya. Sai a daɗe ana zuba ido ba a ji kukansa ba, awaki na kwance a kan layi abinsu. Shugaban tashar, wanda kowa ke kira Masta, wani Kirista ne mutumin wajen Filato, mai yawan dariya, sun shaƙu da Baba ƙwarai saboda zaman jiran jirgi. Da aka yi masa canjin wurin aiki, ranar da zai tafi ya miƙo wa Baba wata ƙatuwar ambulan da ta tsufa har ta yi ja.

"Malam, riƙe wannan," ya ce. "Tun ina makarantar koyon aiki nake ajiyarsa, ban taɓa samun haƙurin haɗa shi ba. Kai kana da haƙuri."

A ciki takardu ne masu kauri, an buga zanen gine-gine a kansu, amma a warware: ga bango nan, ga rufi can, ga ƙofofi da tagogi kamar farcen yaro. In ka yanka ka lanƙwasa ka manna, sai ginin ya tashi tsaye, bai fi tafin hannu ba. Akwai ofishin tasha, akwai sito, akwai tankin ruwa, akwai gidajen ma'aikata, akwai kuma ɗakin sigina, wato ɗan benen nan mai tagogi da yawa inda ake zama a ja ƙarafan canza layi. Har da kan jirgi ɗan mitsitsi da tarago biyu, ba sa tafiya sai an tura da yatsa.

Baba bai yarda ya sa wa takardun na asali reza ba. Ya hau mota ya tafi Gumel aka yi masa fotokofi, ya dawo da su baƙi da fari. Ya roƙi wani direba mai zuwa kasuwar Maigatari ya riƙa taho masa da kwalayen sukari. Sai ya shafa ƙaro, ya manna takardar a kan kwali, ya danne da dutsen niƙa har ta bushe. Ya ciro wani tsohon ƙyaure ya kwantar a zaure, ya yi layin dogo da wayar keke da tsinken ashana. Rufin gini ya shafa masa bulun wanki, bango kuma jar ƙasa. Duk bazarar nan, daga an yi la'asar, zafi ya ɗan sauka, Baba na zaure ya sa tabarau yana yanka.

Wa ke riƙe masa gwangwanin ƙaro? Ƙanena. Wa ke danne bango da yatsa har ya kama? Ƙanena. Yaron da ko majina bai iya sharewa ba! Ni ina bakin ƙofa, rabin jikina a ciki, rabi a waje. Ba a kore ni ba, ba a kuma ce in shigo ba. A nan tsaye na koyi aikin tsaf, domin duk abin da Baba ya gaya wa ƙanena, shi yana shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, ni kuwa yana zama. Baƙin layi mai kauri a yanke shi ɗungurungum. Layi mai ɗigo-ɗigo ba a yankewa, bayan reza ake ja a kansa a hankali, a lanƙwasa a gefen rula. Sai kuma 'yan fararen ɓangarorin da ke leƙowa a gefen kowane bango, waɗanda Baba ke ce wa kunnuwa. Su ake shafa wa ƙaro, su ke riƙe ginin daga ciki, in an gama ba mai ganinsu.

Da aka yi hutu na je Ɗanzomo, na kai ƙara wajen kakata, ina magana ina haɗiyar kuka. Tana kaɗi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yau ga mijina da kishi! To in ya ɗora ka a cinya, da wane ido zai dube ni? Kai nawa ne, ba nasa ba. Ana so ana kaiwa kasuwa, ɗan nema."

Ta cusa mini ƙuli-ƙuli a hannu. Na ci ƙuli-ƙulin, amma maganar ba ta shige ni ba. Ni ba cinya nake so ba. So nake rana ɗaya tak Baba ya dube ni, ni ɗin nan, ya ce na iya.

Bayan na dawo ne ƙanena ya yi ɓarnar da na daɗe ina yi masa fata. Ya yi ta naci sai an ba shi ya yanka da kansa, Baba ya miƙa masa almakashi da takardar ɗakin sigina, mafi kyau a cikinsu duka, ya shiga gida alwala. Kafin ya fito, gogan naka ya bi kunnuwan nan ɗaya bayan ɗaya ya datse su tas, wai farin takarda ne ya ɓata gefen. Ya jera bangayen a tabarma sumul, yana washe baki. Ina kallo, zuciyata fari ƙal. Na ce yau dai ɗan lele zai sha ranƙwashi.

Ina! Baba ya ɗaga bango ɗaya, ya juya shi, sai ya tuntsire da dariya har tabaransa na zamewa.

"Ka yi masa aski kenan? To da me zai tsaya, sarkin gaggawa?"

Ya shafa kansa, ya ture guntayen gefe, ya ce in ya sake shiga Gumel a yi wani. Shi kenan fa. Kai, ranar ji na yi kamar in yi bindiga. Da ni ne na yi ɓarnar, ko faɗan ma ba zan samu ba, sai dai a ce wa ƙanena ya ce mini kada in sake.

Da aka share zaure na bi shara na tsince bangayen nan. Ba ni da reza. Washegari sai na ga rabin sabuwar reza a kan turmi, a inda Inna ta san nake zama. Ita ma ɗan farinta ne ni, ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Na koma bayan rumbu na kafa tawa sana'ar. Na yanka kwalin ashana siri-siri na yi sababbin kunnuwa, na lanƙwasa kowanne biyu, na manna daga ciki. Ƙaron da kaina na ɓamɓaro a jikin itace a bakin layi. Na huda tagogin ɗaya bayan ɗaya, abin da ko Baba bai yi wa nasa ba, na liƙa musu farar leda ta baya har suna ɗaukar ido. Matakalar da tsinken tsintsiya na yi ta. Yatsuna duk sun sha yanka, kuma ƙaro in ya shiga yanka, sai wanda ya gwada.

Ranar da ɗakin siginar ya bushe, da safe Baba ya fita duba layi, na shiga zaure na dasa shi a kan ƙyauren, na koma mazaunina na bakin ƙofa. Ya dawo, ya rataye tutarsa, idonsa ya faɗa a kai. Ya tsaya. Ya durƙusa ya ciro tabarau, ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallo. Sai ya sa yatsa ɗaya ya tura shi kaɗan zuwa daidai inda layi ya rabu biyu, inda ya kamata ya zauna. Ya miƙe, ya wuce ta gabana har rigarsa na shafar kafaɗata, ya shiga gida. Ko tari bai yi ba.

Na ba kaina haƙuri, na ce wataƙila sai an samu dalili. Dalilin ya zo da Babbar Sallah, da Baffa, wan Baba, ya zo daga Sule Tankarkar da abokansa. Zaure ya cika, manya da rawuna sun sunkuya suna tura ɗan jirgi da yatsa kamar yara. Baffa ya ɗauki ɗakin siginar nan ya ɗora a tafin hannu, ya kai shi wajen haske.

"Tabarakallah! Wannan ai ya fi sauran. Wa ya yi shi?"

Na matso har ƙafata ta taɓa tabarma. Kalma ɗaya nake jira. Ko bai faɗi suna ba, ya ce "babban" ma ta ishe ni. Baba ya sunkuyar da kai yana murza carbi, ya ce, "Wasan yara ne kawai, Yaya."

Sai ƙanena ya yi caraf: "Ni na yanka!"

Kuma ka ga abin haushin, ba ƙarya ya yi ba, shi ya yanka ɗin. Baffa ya jawo shi, ya sa masa albarka, ya cika masa aljihu da dabino, baƙi suna ta cewa ɗa ya gaji ubansa. Na dubi Baba. Bai ɗago ba. A gaban yayansa, ko wuƙa za a sa masa a wuya ba zai buɗe baki ya yabi ɗan farinsa ba. Na fice da sabuwar rigata ta Sallah, na bi layin dogo ina taka katakan ɗaya-ɗaya ina kuka, har tasha ta ɓace a bayana. Daga ranar ban sake tsayawa a ƙofar zauren nan ba. In zan shiga gida sai in kawar da kai in wuce.

Tashar kwalin ba ta yi tsawon rai ba. Damina biyu ta gani, danshi ya saki ƙaron, gara ta ƙarasa sauran. Na girma, na yi karatu, na kama aiki, tsakanina da Baba sai gaisuwa a durƙushe da "Allah ya yi albarka" da yake faɗa yana kallon gefe. A haka ya koma ga Mahaliccinsa, Allah ya jiƙansa.

Yanzu duniya ta canza. Irin gine-ginen nan a waya ake samunsu, ka shiga shago a buga maka da launinsu, ba ruwanka da bulu ko jar ƙasa. Uba kuma sai ka gan shi ya ɗora ɗan farinsa a tankin babur, yana ƙwala masa kira da sunansa a tsakiyar kasuwa. Tsofaffi na cewa kunya ta ƙare. Ni dai ba na sa baki, domin na san kuɗin da wasu suka biya wa kunyar nan.

Bara da azumi muna shan ruwa a gidan ƙanena, hira ta kai mu kan tashar kwali. Na ce masa cikin wasa, wanda ba wasa ba ne, har yau yana riƙe da dabinona. Sai ya ajiye kofi ya dube ni.

"Yaya, kai ke da bakin magana? Ai ɗakin siginar nan naka shi ya hana ni sakat. Kullum ka tafi makaranta sai Baba ya ɗauko shi ya sa mini a gaba, ya ce, 'Dubi hannun yayanka. Dubi yadda ya yi kunnuwan. Wannan yaron ya fi ni.' Har masu jiran jirgi yake kira ya nuna musu, in ya tabbatar ba ka nan. Ni fa saboda kai na tsani abin."

Ya yi dariya, yana jiran in taya shi. Na san abin da ya kamata in ji shi ne daɗi, kuma na ji ɗin, kaɗan. Amma abin da ya taso ya danne shi tsohon abokina ne, kishi. Ashe Baba ya faɗa. Ya faɗa ba sau ɗaya ba, da bakinsa, da muryar nan tasa. Kuma ko wannan ɗin, yabon da yake nawa ne ni kaɗai, ƙanena ne ya ji shi.