Bakwainin Da Na Ji Tsoron Ɗauka

Assalamu alaikum Edita. A shekarun baya, lokacin da wannan abu ya faru, ni matar wani mai fataucin awaki ce a Sandamu. Na yi ɓari sau biyu, har na daina sa rai da haihuwa. Cikina na uku yana wata bakwai naƙuda ta taso, maigidana ya garzaya da ni asibiti a Daura. Na haifi namiji ɗan mitsitsi, kukansa ma sai an kasa kunne. Surukata, don tausayina, ta ce kada in shaƙu da shi, wannan ba mai zama ba ne. Sai na juya fuskata bango.

Nas ɗin da ke kula da ɗakinmu Bahaushiya ce 'yar Katolika daga wajen Malumfashi. Ita ta goge shi, ta sa masa hula, tana yi masa sannu da zuwa kamar babban baƙo. Ta sa na tatsi nono a kofi, ta zauna tana ɗiga masa kaɗan-kaɗan, ko da lokacin tashinta ya wuce. Cikin kuka na tambaye ta me ya sa take wahala a kan yaron da likita ma bai ba da tabbaci ba. Ta ce a cocinsu an koya musu cewa rai abu ne mai tsarki tun daga cikin mahaifa har ranar da Mai shi zai karɓi abinsa, ba a auna shi da girman jiki ko tsawon kwana. "Ƙanwata," in ji ta, "yau dai ga shi da rai, kuma ke ce uwarsa." Ta kwantar da shi a ƙirjina, ta ɗaure mu da zanena.

Jaririn ya kai ranar suna. Babansa ya yanka rago a gida, ya zo asibiti ya kira shi da sunan da aka raɗa masa. Washegari ya cika a jikina. Nas ɗin ta rako mu har bakin mota tana share hawaye da bayan hannu.

Addinina ma ya koya mini darajar rai, tsoro ne ya rufe mini ido, kuma har yau ina nadamar yinin da na ƙi kallonsa. 'Yan'uwana mata, kada fargabar rabuwa ta hana ku rungumar abin da Allah ya ba ku. Yanzu 'ya'yana mata biyu ne a gabana, amma duk wanda ya tambaye ni, uku nake cewa na haifa.