Haƙoran Ammu Zaglul

Tsoron ya kama Basant ne a minti na huɗu na fim ɗinta, daidai lokacin da Ammu Zaglul, a jikin farin allon majigi, ya sa yatsu biyu a baki ya zaro haƙoransa na roba, ya jefa su cikin gwangwanin alewa ya rufe. Nan take kumatunsa suka zurma, haɓarsa ta matso hanci, ya koma tsohon da kowa ya sani. Ɗakin ya kwashe da dariya. Ɗalibai suna dukan benci, biyu daga cikin malaman da ke alƙalancin aikin kammala karatu suna share hawaye. Na ukunsu, Dokta Mufid, shugaban sashen zane, bai ko murmusa ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Basant tana tsaye kusa da na'ura, idonta a kan agogo, domin ita ta haɗa fim ɗin da hannunta, ta kuma san abin da tsohon zai faɗa a minti na tara.

Duk wanda ya yi karatu a makarantar zane ta garinmu Iskandariyya cikin shekara talatin da ɗaya da suka wuce ya san fuskar Ammu Zaglul fiye da ta mahaifinsa. Aikinsa zama ne. Yakan hau wata kujerar katako a tsakiyar ɗakin zane da ƙarfe tara, cikin tsohuwar jallabiya mai yagaggiyar kafaɗa, ya juya fuska wajen taga, ya ƙame. Ɗalibai arba'in su kewaye shi da gawayi da takarda. Minti arba'in da biyar ba ya motsi, sai ya sha shayi, ya koma daidai yadda yake, har inuwar hancinsa ta faɗi inda ta faɗi ɗazu. Dokar ɗakin ita ce ba a magana da mai zama. Malamai sun ce in ka ji muryar mutum hannunka zai fara yi masa kara. Saboda haka Basant ta shekara huɗu tana auna tazarar idonsa da kunnensa da tsinin fensir, ba ta taɓa jin ya ce komai ba sai amsa sallama.

Labarinsa kuwa kowa ya haddace, tunda Dokta Mufid yana ba da shi ga sababbin ɗalibai duk shekara, yana tsaye gaban babban zanensa da ke rataye a zauren shiga, wanda ya ci masa lambar yabo tun yana saurayi. Wai a bakin teku ya tsinci mutumin nan, a unguwar masunta, yana ɗinke komar kamun kifi da asuba. Wai gishiri da iska ne suka sassaƙa fuskar nan, talauci ya cinye haƙoran. Yakan ce su dubi jallabiyar, wannan yagar ba mai zanen da zai iya ƙirƙiro ta. Ɗalibai su rubuta. Basant ma ta rubuta, har ta ja layi biyu a ƙasa.

Ammu Zaglul ba ma'aikacin makaranta ba ne. Shi da sauran masu zama, tsofaffi biyar, farkon kowane zangon karatu ake liƙa sunayensu a allon sanarwa, kuma shugaban sashen zane ne ke sa hannu a takardar. In sunanka bai fito ba, babu wanda zai kira ka ya yi maka bayani, mai gadi kawai zai ce ka dawo wani zangon.

A shekarar ƙarshe Basant ta zaɓi fim a matsayin aikin kammalawa. Malamar fim ta kafa musu sharaɗi guda: kowa ya samo mutum na gaske, ya bi shi daga ƙofar gidansa zuwa wurin aikinsa, kada ya gyara masa komai. Basant ta ga ta samu a sama. Ta riga ta tsara komai a ranta, da jirgin ruwa da koma da hasken asuba, har ta zana fostar fim ɗin kafin ta ɗauki hoto ko ɗaya, da manyan haruffa masu kama da igiyar ruwa. Ta tari tsohon a bakin famfo yana wanke kofi ta roƙe shi. Ya dube ta ya ce sai ta zo gida ta nemi izinin mai gidan, wato matarsa, ya kwatanta mata wurin. Unguwar ba ta ko shaƙi iskar teku ba.

Wanda ya buɗe mata ƙofa wani dattijo ne fes, cikin farar taguwa mai guga da wando, gashin baki a daidaice, yana murmushi da haƙora reras. Ta ce tana neman Ammu Zaglul.

"Shekara huɗu kina ƙare mini kallo, Ustaza," ya ce, "yanzu kuma kina tambayata ina nake? Allah ya jiƙan kuɗin takardar babanki."

Matarsa, Ummu Hala, ta ajiye mata wake da mai da lemon tsami da gurasa mai zafi, ta zauna ta zuba mata ido har sai da ta cinye. Sannan ta faɗi sharaɗinta. Ta ce ɗalibai sun yi ta ba mijinta zanensa kyauta, akwai fiye da ɗari a saman kabad, babu ko ɗaya da za ta iya ratayewa a ɗakin baƙi ba tare da surukai sun fara tara musu taimako ba. Ita dai tana so a ɗauke shi sau ɗaya da haƙoransa. In ba haka ba, yarinya ta ɗauki kyamararta ta je ta nemi masunci na gaske, suna nan birjik a bakin teku.

Haka aka yi kwana shida ana ɗauka. Basant ta hau saman bene ta ɗauki hoton tattabarunsa ashirin da bakwai, kowace da sunanta. Ya gaya mata cewa su yake ƙirgawa a zuci idan ya ƙame a kan kujera, in ya kai ƙarshe ya sake daga farko, shi ya sa idonsa ke yin nisa haka, abin da Dokta ke kira kewar teku. Teku kuwa, sau ɗaya ya taɓa hawansa a jirgin ruwa, ranar yawon angonci, ya yi ta amai har aka dawo da su. Asalin aikinsa karɓar kuɗin tikiti ne a tiram, jirgin ƙasan nan na cikin gari. Wata rana direba ya taka birki, bakinsa ya haɗu da ƙarfen riƙewa, haƙora suka zube, aka sallame shi. Yana zaune a shagon shayi da ke kallon makaranta, baki a kumbure, wani matashin malami mai suna Mufid ya tsaya ya ce masa kada ya motsa.

Ya nuna mata yadda yake yi kullum. Ya fito gida tsaf, ya sauka daga tiram tasha ɗaya kafin makaranta, ya shiga bayan shagon wani mai guga, ya sauya kaya, ya cire haƙora, ya hargitsa gashi. Ya kuma gaya mata abin da ba ta so ji ba, cewa idan ɗalibai sun fita shan iska yakan zagaya ya duba zanensu, kuma ita tun ajin farko take ƙara masa kunne.

"Na jaki kike ba ni," ya ce. "Na yi shiru ne don doka."

A rana ta biyar, yana ninke jallabiyar a gaban kyamara, ta tambaye shi ta gado ce? Ya yi dariya har sai da ya dafe haƙoransa. Ya ce sabuwa dal Dokta Mufid ya sayo ta a kasuwa, ya jiƙa ta cikin shayi kwana biyu, ya sa almakashi ya fara yanka kafaɗar sannan ya yage da hannunsa. Wannan ma ita ce ta huɗu, kuma duk Dokta ne ke yaga su, ba ya yarda kowa ya taɓa.

Basant ta san ya kamata ta tsaya a nan ta yi tunani. Ta ma tambaye shi ko ta cire wurin. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai malamar fim ce kawai za ta gani, ko ba haka ba? Ta ce haka ne. Ta manta, ko kuma ta so ta manta, cewa a makarantarmu aikin kammalawa ba ya wucewa sai an kawo alƙali ɗaya daga wani sashe, kuma ba a faɗin sunansa sai da safiyar ranar. Gaskiyar magana, wurin nan shi ne ya fi ko'ina kyau a fim ɗin, kuma ta san haka sarai.

Da minti na tara ya zo, dariyar ta soma kamar ɗazu, sai ta yanke a tsakiya. Kawuna suka fara juyawa wajen teburin alƙalai a hankali, suna komawa da sauri. A jikin allo Ammu Zaglul yana ta kwatanta yadda Dokta ke riƙe almakashi. A kujerar ƙarshe ta ɗakin kuma ga shi nan da kansa, cikin kwat ɗin aurensa da haƙoransa, Ummu Hala a gefensa riƙe da jaka a cinya, kuma babu ɗalibi ɗaya da ya gane shi da zai shigo.

Aka kunna fitila. Dokta Mufid ne ya fara tafi. Ya miƙe ya yi magana ta kusan minti goma, murya a kwance. Ya yabi hasken saman bene, ya yabi yadda aka yanka hotuna, ya ce haruffan fostar ba su dace da fim ɗin ba kuma wannan rashin dacewar ma hikima ce. Ya ce abin da yake koya wa ɗalibai shekara da shekaru ke nan, wato kada mai fasaha ya ji tsoron gaskiya.

"Kin buɗe mana ido, 'yata," ya ce. "Kin nuna mana cewa mun daɗe muna zana fuska ɗaya. Lokaci ya yi da za mu sake duba masu zaman nan namu."

Aka sake tafi. Ya ba ta maki mafi girma da aka ba kowa a shekarar. Da zai fita ya wuce ta gaban kujerar ƙarshe, ya sunkuyar da kai cikin ladabi ga dattijon mai kwat, irin gaisuwar da ake yi wa mahaifin ɗaliba. Basant har yau ba ta san ko bai gane shi ba ne.

Ta karɓi takardar shaidarta a watan bakwai. Mahaifiyarta ta raba wa maƙwabta lemo, ƙawaye suna ta ce mata ta tura fim ɗin gasa. Ita kuwa tun ranar abinci ba ya mata daɗi. Sau biyu ta je ofishin Dokta Mufid. Karo na farko aka ce ya tafi hutu. Karo na biyu ya karɓe ta da fara'a, ya sa aka kawo mata shayi, ya ba ta shawarar ta nemi karatu na gaba. Da ta ambaci Ammu Zaglul sai ya ce kada ta damu kanta da harkar takardu, akwai masu yin wannan. Da za ta fita ta ga an sauke babban zanen daga zauren shiga, sai ƙusa da murabba'in fenti mai haske. Mai gadi ya ce an kai shi gyaran firam.

Ta je gidan tsohon da niyyar neman gafara, ta shirya kalmominta tun a tiram. Ta tarar Ummu Hala ta sa an wanke hoto ɗaya daga fim ɗin, babba, an rataye a ɗakin baƙi, mijinta yana dariya da tattabara a kafaɗa. Matar ta rungume ta, ta ce ita kam an biya ta. Ammu Zaglul yana saman bene. Ya saurari rabin jawabinta ya katse ta, ya ce bakinsa ne ya faɗa, ba kyamararta ba, kuma shekara talatin da ɗaya yana shiru, dole ranar da aka buɗe bakin ya yi ɓarna. Ya watsa wa tattabaru hatsi. Can sai ya tambaye ta, ba tare da ya dube ta ba, ko ta ji an ce ana neman sababbin masu zama. Ta ce ta ji ana cewa an je unguwar masunta an yi tambaya.

"Masunci ba zai iya ba," ya ce. "Minti biyar zai fara susa. Zama ai aiki ne, Ustaza, sai an koya."

Ta lura jallabiyar tana shanye a kan igiya. Ya wanke ta ya sake jiƙa ta da shayi, don kada zango ya zo ta yi haske da yawa.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka koma karatu. Basant ba ta da sauran abin yi a makarantar, amma kullum da safe tana zuwa ta tsaya gaban allon sanarwa cikin sababbin ɗalibai. An liƙa jadawalin darussa, an liƙa sunayen malamai da kuɗin hayar kabad ɗin ajiye kaya. Ammu Zaglul yana sauka tasha ɗaya kafin makaranta kamar yadda ya saba, ya zauna a shagon mai guga, jallabiya da gwangwanin alewa cikin leda, haƙora a baki, yana jiran Basant ta kira shi a waya. Yau Laraba. Takardar masu zama ba ta fito ba tukuna, an ce tana kan teburin Dokta Mufid.