Mai Ɗauke da Sauro

A tashar mota, wani mutum yana zaune a benci rungume da akwati mai murfin raga. Idanunsa sun yi ja, ƙwaurinsa duk tabon cizo ne. Leɓensa a bushe yake, amma ragowar ruwan gorarsa a tawul yake zubawa, yana lulluɓe akwatin.

"Malam, me ke ciki?" in ji tsohon da ke shara.

"Sauro ne, Baba, daga ɗakunan ƙauye na kamo su. An yi feshi, amma yara na ta zazzaɓi. Za mu gwada ko maganin ya daina ci."

"Shi ne kake lallaɓa su haka?"

"In zafi ya kashe su a hanya, sai na koma kamo wasu."

Daga yadda ya faɗi maganar, ina jin ya sha komawa.