Layin Ƙasa na Maman Sani

Shekara ashirin da bakwai Maman Sani ya yi yana buga takardu a wani buro, wato ofis, a Birnin Konni, tun zamanin mashin mai ƙwas-ƙwas har zuwan odinatar, wato kwamfuta. Ba shi ke tsara magana ba. A kawo masa rubutun hannu, shi kuma ya zaunar da shi a shafi.

Wata kaka, bayan girbi, aka kawo masa bayanin ƙwayar da ake sa wa buhun wake don kashe ƙwari. Shafi biyu ya ci. Shugabansa ya ce a matse ya koma ɗaya. Sai ya ƙanƙance haruffa, ya tura gargaɗin can ƙasa: kada a ajiye buhun a ɗakin da mutane ke kwana. Da aka yi fotokofi, layin ya yanke.

Bayan sati uku labari ya zo daga Tajaye. Wata mata, Hawa'u, ta bi takardar kamar yadda aka karanta mata, ta jingine buhu biyu kusa da gadon mahaifiyarta. Tsohuwar ta rasu. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya ambaci Maman Sani. Shi kuwa abinci ya daina yi masa daɗi.

Da ya yi ritaya, ya roƙi wata ƙungiyar manoma a Tsarnawa ta bar shi ya koyar da malaman gona masu rubuta irin waɗannan takardu. Yakan manna shafi a bango, ya sa su ja da baya taku biyar.

"Mi kuka hango?"

"Tambarin ƙungiya, Baba," in ji Ilham, wadda ta fi su baki.

"To, tambari ba ya kisa. Abin da ka kisa shi za a sa sama, da manyan baƙaƙe. Ku bar fili tsakanin layi, ido ma yana son numfashi."

Ya hana su cakuɗa salon haruffa uku a shafi guda. Ya nuna musu yadda ƙ ke zubar da ƙugiyarta a wasu odinatoci, har ƙasa ta koma kasa.

Wata biyu suka yi suna gyara takardar maganin ƙwarin albasa. Da ta dawo daga bugu, ashe mai kula da aikin ya sa an rage girmanta da rabi don ta shiga aljihu. Maman Sani ya kai ta dab da idonsa, ya kasa karantawa. Ya je ya yi wa mai kula da aikin faɗa a gaban jama'a.

Ilham ta kwashe takardun ɗari huɗu, ta kwana uku tana rubuta gargaɗin da hannu a bayansu. A horo na gaba ba a gayyaci Maman Sani ba. Yanzu gida take kai masa shafukanta, ya duba a zaure bayan la'asar.