Yatsan da ba nawa ba

Shekarun baya, a farin nan na zamanin soja, na bar Matameye na tafi cin rani Kano. Iyakar ƙasa a rufe take, don haka ta daji muka bi, kamar kowa. Na dawo gab da shuka, sai na tarar da ɗan baffana yana sassabe a gonarmu ta hanyar Dungu. Ita kaɗai mahaifina ya bar mana.

Mahaifiyata ta ce, "Ƙararka ya kai. Wai an kira ka ka ƙi zuwa, alƙali ya ba shi gonar."

"Inna, wa ya kira ni?"

"Ni dai ko ƙyallen takarda ban gani ba."

A lokacin, sau da yawa mai ƙara ake danƙa wa sammaci, ya kai wa abokin shari'arsa ya sa hannu. Ɗan baffan nawa kuwa ya mayar da shi da dangwalen yatsa raɗau, wai nawa.

Abokina mai rubuta wasiƙu a bakin gidan waya ya tsara min takardar ƙin yarda da hukuncin. To amma in na ce ba na gari, dole a tambaye ni ta ina na fita. Ni da nake cika baki a majalisa, sai da na kwana uku kafin na kai takardar.

Ranar zama, alƙali ya tambaya ta bakin tafinta, "Ina kake ranar da aka ce an ba ka sammaci?"

"Kano, ranka ya daɗe."

"Ta wace hanya?"

Na saci kallon jandarman da ke bakin ƙofa. Na ce, "Ta inda masu jin yunwa suke bi."

Ya daɗe yana kallona, bai rubuta komai ba. Sai ya sa aka kawo tawada, na dangwala yatsana, ya jera takardun biyu ya duba. Ya ce wa ɗan baffana, "Kai ma kawo naka."

Hannu ya ƙi fitowa daga aljihu.

Aka soke hukuncin, aka sake shari'a ina tsaye, dattawan unguwa suka yi shaida, gona ta dawo hannunmu. Ban riƙe ɗan baffana a zuciya ba, 'ya'yansa ma ɓawon itace suka kusa ci a shekarar. Amma har yau in na tuna an taɓa raba ni da gona ba tare da an ji ta bakina ba, sai na ji tsikar jikina ta tashi, sannan in yi hamdala.

Da ruwan farko ya sauka, Inna ta riga ni isa gonar, da ƙwaryar iri a kanta.